Kunnen farar tinkiya da rana: me ke ƙona fatar dabbobinmu?

Da zarar an yi ruwan shuka ciyawa ta fara leƙowa, akwai wata cuta da ke bi ta kan fararen tumaki a ƙauyukan Kano da Jigawa, wadda masu kiwo da yawa suka san kamanninta amma ba su san tushenta ba. Tinkiya za ta fita kiwo da safe lafiya ƙalau. Kafin azahar ta bar garke ta kutsa ƙarƙashin rumbu ko ta lafe a jikin katanga, tana kaɗa kai tana goga fuska da duk abin da ta samu. Idan ka kama kunnenta za ka ji shi da zafi da nauyi, ya yi suntum, fatar idonta ma ta kumbura har ba ta iya buɗe ido sosai. Bayan kwana biyu ko uku sai wani ruwa mai ɗorawa-ɗorawa ya fara tsattsafowa daga fatar, ya bushe ya yi ɓawo. Daga nan bakin kunnen ya ƙandare kamar ƙirgi, ya naɗe, ya yi baƙi, wani lokaci ya guntule ya faɗi. Sai a shiga canki-canka a gida. Wani ya ce maciji ne ya tofe ta, wani ya ce kirci ne, Inna kuwa ta ce bakin mutane ne, don tinkiyar ta yi kyau da yawa.

Abin da ya ƙona fatar nan hasken rana ne. Sai dai ƙunar rana a jikin dabba iri biyu ce, kuma duk da kamanninsu ɗaya a ido, hatsarinsu ba ɗaya ba ne. Akwai wadda rana ce kaɗai ta yi aikinta a kan fatar da ba ta da kariya. Akwai kuma wadda cuta ce a cikin hanta ta mai da fatar ta zama ba ta jure ko ɗan hasken da a da ba ya yi mata komai. Ta biyun ce ta fi kashe mana tumaki, kuma ita ce aka fi yi wa maganin da bai dace ba.

A cikin hasken rana akwai wani kaso da ido ba ya gani, fata kuma ba ta jin sa a matsayin zafi, wanda masana ke kira UV. Shi ne ke ratsa saman fata ya lalata ƙwayoyin halittarta. Zafin da ke sa kare ya zaro harshe a watan Afrilu abu ne daban. Wannan zafin iska ne, kuma yana iya kashe dabba cikin 'yan sa'o'i ba tare da ya taɓa fatarta ba. Ƙarfin UV ya danganta ne da yadda rana ta miƙe a sama. Kano tana kan digiri 12 ne arewa da layin tsakiyar duniya, saboda haka sau biyu a shekara rana ke tsayawa daidai tsakar kanmu da tsakar rana: wajen ƙarshen Afrilu, sai kuma wajen ƙarshen Agusta. Na farkon kowa ya san da shi, don jiki na faɗa. Na biyun ne ke yaudarar mutane, domin ya faɗo a tsakiyar damina, garin da sanyi-sanyi, sama da gajimare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 80 cikin ɗari na wannan haske na iya ratsa gajimare marar kauri. Yashi ma yana mayar da wani kasonsa sama, don haka dabbar da ke kwance a kan farin rairayin Gumel ko Babura tana shan haske ta sama da ta ƙasa, har cikinta da hantsarta.

Kariyar da Allah ya yi wa fata ita ce baƙin launin da ke cikinta, wato melanin, wanda ke shanye hasken kafin ya kai ga yin ɓarna. Duk wanda ke da ɗan'uwa zabiya ya san wannan ba sai an karanta masa ba: ya ga yadda wuya da kunne da leɓe ke ja su sale idan an wuni a gona ba malafa. Haka abin yake ga dabba, sai dai a nan dole a raba launin gashi da launin fata, don sau da yawa ba ɗaya ba ne. Ka je kasuwar Wudil ranar Juma'a ka tsaya kusa da farar saniya Bunaji, ka buɗa gashin gadon bayanta da yatsa. Gashin fari ne, amma fatar da ke ƙasa baƙa ce. Hancinta baƙi, kewayen idonta baƙi, bakin kunnenta baƙi. Farin gashi yana mayar da zafi, baƙar fata tana tare haske, kuma duk wuraren da gashi bai rufe ba an shafe su da baƙi. Tinkiya 'yar ƙasa ma haka take: fara ce, amma da baƙin tabo a ido da kunne da baki. A ganina wannan gado ne mai tsada da makiyaya suka tara mana cikin ɗaruruwan shekaru na zaɓen dabbar da ke jure wannan ƙasa, kuma bai kamata mu riƙa sakin sa da arha ba.

Amma kasuwa tana jan mu wani wajen. Mai sayen ragon layya yana son Balami fari tas, dogo, mai manyan kunnuwa masu reto, kuma da yawa cikin irin waɗannan hancinsu da cikin kunnensu ja-ja ne, ba baƙi a jiki. Masu neman madara suna barbarar shanunsu da Firisiyan, saniyar Turai mai baƙi da fari, aikin da cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke Zariya ta daɗe tana yi da Bunaji. Madara tana ƙaruwa, gaskiya ne, sai dai a jikin Firisiyan duk inda gashi ya yi fari fatar ƙasansa ma ba ta da launi, kuma 'ya'yanta sukan gaji hakan. Ga samari masu kiwon karnukan waje da fararen maguna. Duk wannan yana faruwa ne a daidai lokacin da itatuwan gona ke tafiya wajen masu gawayi. Ba na cewa a daina kiwon waɗannan dabbobi. Ina cewa wanda ya kawo dabba mai farar fata gidansa ya ɗauko wa kansa nauyin samar mata inuwa.

Ƙunar rana zalla, wadda ba ruwanta da hanta, an fi ganinta a kare da mage da doki. Kare mai farin gashi gajere yakan ƙone a doron hanci, da bakin kunne, da ciki da matsematsi idan mai son kwanciya rigingine ne. Wanda ƙazuwa ta cinye wa gashi kuwa ko baƙi ne ya rasa rabin kariyarsa. Doki mai farin goshi da ya sauko har hanci yakan sale a nan, ya riƙa ƙin a sa masa linzami, alhali akawal da ke tsaye kusa da shi a turke ɗaya ko a jikinsa. Irin wannan ƙunar takan warke cikin 'yan kwanaki idan aka samu inuwa. Matsalarta maimaituwa. Fatar da ta ƙone bana, ta ƙone baɗi, ta sake ƙonewa, ita ce ke rikiɗa ta zama ciwon daji.

Mage ce ta fi nuna wannan a fili. Farar kyanwa tana son hawa kan katanga ko rufin soro ta miƙe a rana, kunnenta kuma siriri ne, gashinsa kaɗan. Da farko bakin kunnen zai yi ja, gashin wurin ya zube. Sai ɗan ɓawo ya fito, a ɗauka faɗa ta yi da wata magen. Ɓawon ya faɗi, ya dawo, ya yi jini, ya ƙi warkewa wata da watanni, a hankali kunnen yana cinyewa. Wani bincike da aka yi a Kalifoniya ta Amurka, aka buga a 1971, ya nuna fararen maguna sun fi sauran kamuwa da wannan sankarar fata da kimanin ninki 13. Idan aka kai ta wurin likita tun ciwon yana bakin kunne, yanke wurin kawai yakan raba ta da shi, ta ci gaba da kama ɓeranta. Idan ya kai ga hanci ko fatar ido, aikin ya yi wuya. Shanu masu farar fuska ma suna samun irinsa a ido.

Sai kuma wadda ta fi nauyi, ta hanta. Duk ɗanyen ganye yana da koren sinadarin nan da ake kira kulorofil. Idan tinkiya ko akuya ko saniya ta ci ciyawa, ƙananan halittun da ke cikin tumbinta suna narka shi, ya koma wani abu mai suna filo'eritirin. Wani kasonsa yana shiga jini, hanta ta tace shi, ta zuba shi cikin ruwan matsarmama, ya bi hanji ya fita. Kullum haka ke faruwa a cikin lafiyayyar dabba, ba wanda ya sani. Amma idan hanta ta kamu, ko hanyoyin matsarmama suka toshe, sai wannan sinadari ya rasa mafita, ya taru a jini, ya bi jini har ƙarƙashin fata. Shi kuwa ɗabi'arsa ce ya kama haske. Da haske ya same shi sai ya saki ƙarfin a cikin naman da ke kewaye da shi, ya fasa ƙananan jijiyoyin jini, ruwa ya taru, fata ta mutu. Inda fata baƙa ce ko gashi ya yi kauri, haske ba ya isa gare shi. Shi ya sa a jikin tinkiya Uda za ka iya ganin gaba, inda take da duhu, lafiya lau, baya kuwa, inda take fara, ya ɗaye. Ba ma sai rana mai ƙarfi ba. Hasken hantsi ko na ranar da aka wuni da hadari ya isa.

An daɗe da gano wannan. A yankin Karu na Afirka ta Kudu cutar ta sha kashe tumaki dubbai, har likitan dabbobi Arnold Theiler ya danganta ta da wata ciyawa a 1918, sannan a 1934 wasu masu bincike biyu, Rimington da Quin, suka gano cewa filo'eritirin ne ke ƙona fatar. Ciyawar da Theiler ya kama ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tsaida ce, mai yaɗo a ƙasa da ƙaramin fure ruwan ɗorawa da ƙayar da ke hana tafiya ba takalmi. Tana cikin ciyayin da ke rigan kowa tsirowa a fako da bakin hanya da wuraren da kiwo ya cinye. Yawancin lokaci dabba na cinta ba abin da ke faruwa. Hatsarin yana zuwa ne idan an yi ruwa ta tsiro, sai ruwa ya ɗauke, rana ta buɗe, ƙaramar tsaidar ta yi yaushi. A wannan hali sinadaran da ke cikinta sukan daskare su zama ƙananan duwatsu a hanyoyin matsarmama su toshe su. Duk manomin da ya taɓa yin shuka sau biyu a shekara ɗaya ya san irin wannan yanayi: ruwan farko a Mayu ko Yuni, sai fari na mako biyu. A lokacin harawa ta ƙare, dabbobi sun fito daga rani da yunwa, duk koren da suka gani sai sun kwashe. 'Yan raguna da 'yan tumaki su suka fi kamuwa.

Ba tsaida kaɗai ba ce. Lantana, furen nan mai launi-launi da ake shinge da shi a makarantu da gidajen gwamnati, guba ne ga hantar shanu da tumaki. Ciyawar birakariya da ake shukawa a gonakin kiwo ta taɓa jawo irin wannan cuta ga tumaki da awaki a nan Najeriya. Dusa ko tunkuza ko harawar gyaɗa da ta sha danshi ta yi fumfuna na iya ɗauke da gubar afalatoksin, ita ma hanta take ci. A fadamun Haɗeja da bakin magudanan noman rani na Kura da Kadawa kuma akwai tsutsar hanta, wadda ke rayuwa a jikin ƙananan katantanwa kafin ta manne a ciyawar bakin ruwa. Mahauta sun san ta sarai: a yanka hanta a ga hanyoyinta sun yi fari sun yi tauri, a matsa sai tsutsa mai faɗi ta fito. Duk abin da ya gurgunta hanta zai iya buɗe wa rana ƙofa.

To ta yaya mai kiwo zai gane da wacce yake fama? Ya fara duba iyakar ciwon. Idan ya tsaya cak a daidai inda farin gashi ya haɗu da baƙi, haske ne. Kirci ba ya zaɓen launi. Yana bin gadon baya da inda kaska ta ciza, gashi ya dunƙule ya tashi da ɓawo, baƙar saniya da fara duk yana kama su. Sannan ya buɗe fatar ido da leɓe ya duba farin ido da dasashi. Idan sun yi ruwan ɗorawa, shawara ce, hanta ta kamu. Fitsari mai duhu, ƙin cin abinci, da kamuwar dabbobi biyu ko uku a garke ɗaya cikin mako guda duk suna nuni wuri ɗaya. Ko da haka, akwai cututtuka masu yaɗuwa da ke kumbura fuskar tinkiya su fasa mata baki, don haka idan da zazzaɓi da majina da zawo, a ware ta a kira ma'aikacin dabbobi ba da jinkiri ba.

Maganin farko ba ya cin ko kwabo: duhu. Inuwar bishiya ba ta isa ga dabbar da hantarta ta kamu ba, domin haske na zuwa ta gefe. Ɗaki ake sa ta, ko zaure, ko a kewaye rumfa da zana har ƙasa, a bar iska na shiga. Sai a yanke mata ɗanyen ganye gaba ɗaya, tunda daga shi sinadarin ke fitowa. A nan ake yawan kuskure saboda tausayi. Yaro zai ga tinkiyar ba ta ci, ya ce, "Baba, bari in yanko mata ɗanyar ciyawa ko za ta taɓa," ya kawo mata abin da zai ƙara mata ciwo. Busasshen abinci mai tsabta za a ba ta, karan dawa ko tsohuwar ciyawa da dusa kaɗan, da ruwa wadatacce. Littattafan likitoci na cewa a fitar da irinta kiwo da dare, amma a halin da ake ciki na ɓarayin dabbobi, ciyar da ita a gida ya fi. Sauran garken kuma a canja musu wurin kiwo a ranar. Wannan tsarewar ta makonni ce. Wanda ya sake ta don ya ga kumburi ya saɓe zai ga ciwon ya dawo.

Ciwon kansa a wanke shi da ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi, a hankali, kada a ɓamɓare ɓawon da ƙarfi. Babban abokin gaba a damina ƙuda ne, don yana yin ƙwai a ciwon ya zama tsutsa, saboda haka shuɗin maganin feshi na shagon magungunan dabbobi da maganin korar ƙuda suna da amfani. Allurar rage kumburi da ta kashe ƙwayoyin cuta aikin likita ne ko ma'aikacin dabbobi na ƙaramar hukuma, irin waɗanda kwalejin aikin gona ta Audu Bako da ke Dambatta ke horarwa. Dalilin da ya sa nake nanata haka shi ne, hanta ce ke sarrafa kusan duk maganin da aka ɗura wa dabba. Wanda ya sayo allura kala uku a kasuwa ya danna wa tinkiyar da hantarta ta riga ta gaza, ƙarasa ta yake yi. Wasu magungunan ma, kamar dangin tetarasaikilin, su da kansu suna iya sa fata ta ƙi jure haske.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne baƙin mai. Mutum zai je wurin bakanike ya karɓo man da aka juye daga inji, ya shafe kunnen dabba da fuskarta, da kyakkyawar niyya. Man nan yana ɗauke da dattin ƙarfe da guba, yana shiga jini ta ɗanyen ciwo, dabbar tana lasa, baƙinsa kuma yana ƙara tara zafi a wurin da ya riga ya ƙone. Haka garin batir da kananzir. Man kaɗanya yana taimakawa wajen tausasa fata bayan ciwo ya kame, amma ba ya tare rana. Game da kare da mage kuwa, a yi nesa da maganin mutane. Ƙwaya ɗaya ta farasitamol na iya kashe mage, don hantarta ba ta iya sarrafa shi. Ibufurofen da dikulofenak suna huda cikin kare su lalata masa ƙoda. Farin man zinki da ake shafa wa jarirai yana aiki sosai a hancin doki da hantsar saniya, amma kare zai lashe shi ya yi ta amai, idan ya yawaita ya taɓa masa jini. Ga mage mai farin kunne, tsare ta a ɗaki daga hantsi zuwa la'asar ya fi duk wani man shafawa.

Rigakafin yawancinsa a wurin turke yake. Ana ɗaure rago da safe a gindin katanga inda inuwa ta yi faɗi, kowa ya tafi gona ko makaranta, kafin azahar inuwar ta janye ta bar shi a fili, igiyarsa kuma ba ta kai ko'ina ba. A je a duba turken da rana tsaka, a lokacin da inuwar mutum ta fi shi gajarta, a nan za a san ko wurin ya dace. Itatuwa ma ba ɗaya ba ne. Kuka tana tsaye tsirara kusan duk rani. Gawo yana da ganye a rani amma yana zubar da shi da damina, daidai lokacin da cutar hanta ke tashi. Darbejiya da tsamiya su ne ke riƙe inuwa kusan shekara duka. Rumfar kara ko ta zana ta fi ta kwano sanyi, idan kuma kwanon ne a ɗaga shi sama a shimfiɗa kara a kai. Masu wanke rago da omo su shanya shi a rana don ya yi fari ƙal kafin a kai shi Maigatari ranar Alhamis su sani sabulun yana kwashe maiƙon fata. A ɗauraye shi sosai, ya bushe a inuwa. A farkon damina kuma, kafin a saki tumaki, a ba su ɗan busasshen abinci don kada su fita da yunwa su afka wa tsaida, kuma idan ruwa ya ɗauke ciyawa ta yi yaushi, a kauce wa fakon da ta yi yawa. Wannan yana nufin ajiye harawar da za ta kai Yuni, ba a sayar da ita duka a Fabrairu don ta yi tsada ba. Masu kiwo a fadama su riƙa ba da maganin tsutsar hanta a kan lokacin da ma'aikacin dabbobi ya tsara musu.

Mai kiwon turke yana da wani dalilin na daban na duba kunnen ragonsa kowace safiya. Malaman Malikiyya sun ce dabbar da abin da ya tafi daga kunnenta ya wuce sulusi ba ta isar wa layya, haka ma mai cuta bayyananniya. Ragon da aka kashe wa kuɗin dusa da ƙowa wata shida yana iya rasa kasuwar Sallah cikin mako guda. Idan kuma shawara ta kama shi sosai har aka yanka, naman da kitsen sukan fito ruwan ɗorawa, mai duba nama a kwata ba zai bari a sayar ba.